Daren 25 ga Disamba: Isti bai tashi ba

Ƙarfe goma sha ɗaya saura, ƙafafuna cikin bahon ruwan ɗumi, safa biyu na jira a gefe. Sanyin bana ba ya wasa. Tun asuba hazo ya rufe duwatsun bayan gidanmu, leɓe duk ya tsage, kwalbar basilin da na saya ranar Litinin har ta kai rabi saboda Ladi na lafta shi kamar mai shirin kokawa. Kowa ya kwanta ban da Baban Isti, yana falo yana gyangyaɗi gaban talabijin, in ka taɓa rimot ya ce kallo yake.

Lafiya lau muka yi Kirsimeti, bari in fara da wannan kafin ku cika min waya da tambaya. Akuyar ta isa kowa har da saura. Cincin bai ƙone ba bana, ko da yake kafin la'asar rabin bokitin ya yi ƙafa, kuma duk gidan babu wanda ya ga tafiyarsa. Kabeji da karas ɗin da na kwaso a Farin Gada sun yi arha fiye da zatona, tumatir ne ya nuna min iyakata. An ɗauke wuta ana tsakiyar niƙa, muka koma kan turmi.

Jiya mun je Misar dare. Sunanta dai ke nan, amma ƙarfe 6 na yamma muke farawa. Tun jajiberin Kirsimetin 2010, da bama-bamai suka tashi a Kabong da Unguwar Rukuba mutane na tsakiyar sayayya, cocinmu bai ƙara kaiwa tsakar dare ba. Ladi ba ta ma san akwai lokacin da muke fitowa ƙarfe biyu na dare da kyandir a hannu muna waƙa har gida ba, na ba ta labari ta ce tatsuniya ce. An caje mu a bakin ƙofa kamar kullum. Cikin addu'o'in jama'a an ambaci mutanen Bokkos da Barkin Ladi da aka kashe a jajiberin 2023, coci ya yi tsit na ɗan lokaci. Daga baya yara suka ɗauki jaririn zuwa komin dabbobi, fiffiken mala'ika Ladi na kwali ya karye gefe guda, ta riƙe shi da hannu har aka tashi.

To, abin da ya hana ni barci a Misar safe ya faru.

Komai ya tafi daidai da farko. Fada cikin fararen kaya bayan mako huɗu na shunayya, waƙar Ɗaukaka ta dawo, 'yan Zumunta, ƙungiyar matan coci, suka saki ganga da tulu da kacau-kacau har Kaka ta manta da ciwon gwiwa. Wajen shaidar bangaskiya, inda ake durƙusawa ranar Kirsimeti a kan maganar ya zama mutum, rabin coci ya manta kamar kowace shekara, Malam Katikis yana ta yi mana alama da hannu. Aka zo karɓar Jikin Almasihu. Layinmu ya miƙe, Baban Isti a gaba, Kaka da sandarta, ni a baya. Isti sai ya kawar da gwiwoyinsa gefe don mu wuce. Bai tashi ba.

Isti fa. Yaron da tun yana shekara goma yake hidimar bagade, shi ne mai turare, shi ne mai ƙararrawa, wanda ya taɓa yin kuka don an ba wani gicciye ya riƙe. Kaka ta zungure shi da sanda, ya girgiza kai yana kallon takalminsa. Kun san Kaka, 'yar Shendam ce, kullum tana tuna mana cewa a garinsu Fadoji suka fara sauka a 1907, kamar ita ta ɗauko musu akwati. A wurinta jikanta ya zauna ranar Kirsimeti ana kallo abin kunya ne na dangi duka.

Na je, na karɓa, na dawo na durƙusa. Maimakon godiya sai lissafi. Yarinya ce? Giya? Ko waɗannan majami'un makaranta da ke cewa muna bauta wa gumaka sun ja shi? Na rufe ido kamar mai addu'a, amma Allah ya sani jerin sunayen abokansa nake bi ɗaya bayan ɗaya.

Ban ce komai ba a hanya. Sai da muka shiga kicin, ina suyar nama, shi yana yanka albasa don Ladi ta ce idonta ba ya so, na rage murya na ce, “Isti, me ya zaunar da kai yau?”

Ya ce, “Ban je ikirari ba, Mama.”

Na ce ai an yi na Zuwan Almasihu ranar Alhamis ɗin da ta wuce, Fada biyar aka gayyato daga maƙwabta, kowa da kujerarsa ƙarƙashin mangwaro, layi har bakin makaranta. Ya ce lokacin bai dawo ba, ya tuna min ranar Asabar da dare motarsu ta iso. Gaskiyarsa. Na ce to me ka yi da ya kai haka? Ya ɗan yi murmushi ya ce wannan tsakaninsa da Fada ne. Na juya naman da ƙarfi har mai ya fallatso min a hannu. Da ya ga haka sai ya ce in kwantar da hankalina, bai bar Ikilisiya ba, ba kuma abin da nake tunani ba ne. Lahadi shida a jere ya yi bai je Misa ba a makaranta, ba ciwo ba jarrabawa, barci ne kawai da lalaci. Ya ce, “Ke kika koya mana a katikisim cewa wanda ya bar Misar Lahadi da gangan sai ya yi ikirari kafin ya karɓa. Kin fi so in tashi don kada Kaka ta ji kunya?”

Gaskiya wani sanyi ya ratsa ni, har da ɗan alfahari. Ashe abin da na zuba bai zube a ƙasa ba. Da na yi shiru a nan da an wuce wurin. Amma bakina bai san ya isa ba. Na shiga wa'azi, cewa Lahadi shida ba wasa ba ne, da haka ake fara sanyi, mutum ya dinga binciken zuciyarsa kullum kafin ya kusanci bagade, har na jawo masa wasiƙar Bulus ta fari ga Korantiyawa sura 11. Yana yanka albasa, yana share ido da bayan hannu, bai ɗago ba ya ce:

“Mama, kada ki ji haushi. Anti Rahila tana benci na uku daga namu. Da Fada ya ce mu ba juna salama, kin gaisa da kowa har da matar da ta taka miki zani. Shekara biyu ke nan. Kuma kullum kina tashi.”

Na ce ya fita min daga kicin.

Ya wanke hannu ya fita, bai buga ƙofa ba, da ya buga ma da na fi jin daɗi.

Waɗanda suka daɗe suna bina sun san ban taɓa rubuta maganar nan ba. Lokacin jana'izar mamanmu ni na riƙe kuɗin gudummawa, ni ce babba. Bayan an gama, dangi na zaune har da surukai, Rahila ta buɗe baki ta ce, “Yaya, ina sauran naira 40,000?” Ba ta ja ni gefe ba. A gaban mijina, a gaban kawunnanmu. Kuɗin nan ya tafi wurin rumfa da kujeru na kwana na uku da ba a yi shirinsa ba, yana rubuce cikin littafina har kwabo, littafin yana ƙasan akwatina yanzu haka. Na nuna, kowa ya gani, ta ce to, ta tashi ta shiga ɗaki. To ɗin nan ita ce duk haƙurin da na samu. Ciki ɗaya muka fito, ni na goya ta, ni na raka ta ɗakin miji. Har gobe ina cewa ita ce da laifi, kuma duk wanda zai zo min da zancen babba juji ne ya fara zama a kujerar da na zauna ranar.

Amma ba wannan Isti ya tambaya ba.

Abin da ya tsaya min a wuya shi ne na san yadda nake yi. Na san bencin da in na zauna ginshiƙi zai shiga tsakanina da ita. A taron Zumunta in tana layin hagu ina na dama. Ranar Alhamis ɗin nan da nake yi wa yaro gori da ita, na durƙusa ƙarƙashin mangwaro gaban wani Fada baƙo, da gangan na zaɓi wanda bai san ni ba, na ce, “Fada, na yi fushi.” Ban ce da wa ba. Ban ce tun yaushe ba. Ya ce in yi A gaishe ki Maryamu uku, na yi su kafin in kai bakin ƙofa. Haka na yi a Ista, haka na yi bara. Fushi kamar na wanda aka ci wa canji a kasuwa. Ni ce kuma na sa yaran katikisim haddace Matiyu 5, aya 23 da 24, cewa in ka kawo baikonka gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana da kai, ka ajiye shi ka je ku shirya tukuna. Har alewa nake ba wanda ya faɗa ba kuskure. Isti ya ci alewar nan.

Yaro ya yi barci Lahadi shida ya kasa tashi. Ni Lahadi ɗari da wani abu, da farin ɗankwali.

Aka ci abinci. Kaka ta ƙi yi wa Isti magana sai da ya kawo mata farfesun kayan ciki, daga nan ta sauko, ta ce ranar Asabar da kanta za ta kai shi gaban Fada. Baban Isti ya lura da fuskata ya ce lafiya, na ce hayaƙi ne. Baƙi suka yi ta shigowa, yaran unguwa da sababbin kaya da tabarau na roba suna barka da Kirsimeti, sababbin 'yan hamsin-hamsin ɗin da na tanada suka ƙare kafin ƙarfe uku.

Sai rabon abinci. Kula bakwai na jera. Ta Maman Sadiya ita ce ta farko kullum, tun suna maƙwabtanmu kafin rikicin 2008 ya mai da su Rikkos. Saboda ita ne ma ba ma yanka akuyar da kanmu, Malam mahauci muke kira, don ta ci ba tare da tambaya ba, ita ma da Sallah naman layya ba ya wuce mu. Ina zuba mata dafa-duka ina tunanin cewa abincina zai ratsa gari ya tsallake duk abin da ya raba Jos gida biyu, amma ba zai iya tafiyar minti goma zuwa bayan makarantar firamare ba.

Akwai kula ta takwas a saman kabad, mai ruwan ɗorawa, wadda ba na ba kowa aro. Na sauko da ita. Ba zan ce zuciyata ta yi fari ba, ina zubawa ina tsaki. Na sa cinyar kaza, na cire, na mayar. Na kira Isti na ce ya kai bayan makaranta. Bai tambaye ni gidan wa ba, kuma da ya yi murmushi da na fasa. Yau ba Keke Napep a gari, an hana su kamar yadda aka saba ranar Kirsimeti, da ƙafa ya tafi, rungume da kula cikin rigar sanyi.

Ya fi awa ɗaya. Da ya dawo na yi kamar ina goge murhu. Na ce ka same su? Ya ce e. Na ce to? Ya ce ta karɓa, ta buɗe, ta daɗe tana kallo, ta ba shi zobo. Na ce shi ke nan? Ya ce, “Ta ce a gaishe da Yaya. Ta ce tarin nan ya sake ki kuwa?”

Mako uku ina tari. Ban faɗa wa kowa a dangi ba. Daga benci na uku take ji.

Gobe idin Istifanus waliyyi, ranar mai sunan Isti, na yi masa alkawarin gwate tun yana makaranta, sai in tashi da wuri in nemo yakuwa. Lahadi kuma idin Iyali Mai Tsarki, Zumunta ce da waƙar baiko, kuma a jerin da aka kafe ni da Rahila layi ɗaya aka sa mu, ban san wace mai neman magana ce ta rubuta ba. Kafin ya kwanta Isti ya leƙo ya ce ikirarin Asabar ƙarfe 4 ne, ko za mu je tare. Na ce ina da wanki.

Kular ba ta dawo ba tukuna. Ruwan bahon ma ya huce.