Ajin Ingilishi a kolej ɗinmu na Maradi

Jama'a wallahi koyarwa ba wasa ba ce. Yanzu haka ina sitaj, wato koyon aikin malanta, a wata kolej nan cikin garin Maradi, an haɗa ni da wata malamar Ingilishi, ni dai nawa in zauna baya in kalla, in raba alli, in duba kayen yara in ta ba su aiki.

Ƴan siziyam ne, ajin farko na kolej, bana suka fara jin Ingilishi a lakwal, kuma ku tuna yaran nan Hausa suke yi a gida, Faransanci a aji tun firamare, ga harshe na uku an ɗora musu, benci guda mutum huɗu, littafi sai an yi karo-karo. Amma Madam ba ta tsawa ko kaɗan, da waƙa take shiga, ta sa su bibbiyu suna gaisawa, wanda ya kuskure ta maimaita daidai ta wuce, har ƴan matan da ke ɓoye fuska cikin hijabi sun fara ɗaga hannu. Abin ya taɓa ni sosai.

Wani yaro da babansa ke fatauci ta Dan Isa zuwa Jibiya da Katsina ya ce mini Mushe (haka suke kiran malami) so nake in riƙa yi wa Baba lissafi da ƴan Najeriya. Ga shi tun 2025 Ingilishi ya zama harshen aiki a Nijar tare da Faransanci, ga jarrabawar BEPC na jiransu a turwaziyam, ajin ƙarshe na kolej.

Sati mai zuwa Madam ta ce ni zan riƙe tablo, ku sa ni addu'a don Allah.