Na je Tafkin Ossa neman wata ƙaramar ƙaguwa

Kwana huɗu ke nan da dawowata daga Kamaru, har yanzu ƙasan farcena da sauran laka. Abin da ya kai ni ƙaguwa ce da faɗin bayanta bai fi kan babban yatsa ba, wadda masana ke kira Louisea edeaensis. An kama ta a yankin Edea a 1910, aka daɗe ba a sake jin ɗuriyarta ba, sai da masanin nan ɗan ƙasar, Pierre Mvogo Ndongo, ya gano ta a tsibirin Bedimet da ke cikin Tafkin Ossa.

Daga Duwala zuwa Edea ba abin faɗi sai shingen jandarma. Wani daga cikinsu ya zazzage jakata a gefen titi, ya ɗaga kwalaben da na zo da su yana sunsunawa, ya ce mai sayar da barasa ne ni. Na nuna masa takarda, na ce sinadarin adana samfuri ne, ya jefo min ita ƙasa. Kusan awa guda mutanen motar suna jirana. Da dai ya tambaya cikin mutunci, da na faɗa masa cewa sunan ƙasarsa ma daga irin waɗannan halittu ya samo asali: Turawan Fotugal ne suka kira kogin Wouri da sunan jatan lande saboda yawansu a ciki.

A Dizange, garin da ke bakin tafkin, Allah ya haɗa ni da wani dattijo masunci, mutumin arewacin ƙasar, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Masu kwale-kwale sun tsuga min kuɗin sefa da ya ninka abin da na tanada, shi kuwa ya ce, "Malam, baƙon da ya zo neman ilimi ba a yi masa ciniki. Zuba mai kawai." Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri." Kwana biyu a gidansa na kwana, bai karɓi ko sisi ba. A hanya ya nuna min yadda wata ciyawa mai yawo a kan ruwa, Salvinia, ta rufe sassan tafkin, ta takura wa ayu da masunta baki ɗaya.

A tsibirin ne aikin ya fara. Ni na saba da namu na ƙasar fako, irin Sudanonautes monodi, mai haƙa rami a bakin fadama ta jure rani a ciki. Nan kuwa ba rami ake bi ba, ruɓaɓɓen ganye ake ɗagawa a hankali a wuraren da ruwa ke tsattsafowa. Ta farko da na kama, na ɗauka 'yar wata babbar ƙaguwa ce da ba ta gama girma ba. Da na kifa ta, sai ga ƙananan 'ya'ya cunkushe a ƙarƙashin faffaɗan cikinta, kowanne da ƙafafunsa cif. Uwa ce ashe! Ƙaguwar ruwan daɗi haka take, ba ta sakin tsutsa cikin ruwa kamar ta teku. Ƙwanta manya ne kuma kaɗan, kuma ɗan ƙaguwa sosai ke fitowa. Shi ya sa ba sa yin nisa da inda aka haife su, har wani jinsin duk duniyarsa tudu ɗaya ce ko rafi ɗaya. A sare dajin wurin, an gama da shi.

Baba ya ce su da launi suke rarrabe jinsin ƙaguwa, ja daban, baƙa daban. Na ce masa launi na yaudara, yana ma gushewa idan samfuri ya daɗe a kwalba. Abin dubawa shi ne haƙoran gefen ƙoƙon baya, da layin da ya ratsa bayan idanu, da sassan baki. Alƙali na ƙarshe kuwa namiji ne: a ɗaga siririn cikinsa, a duba gaɓar barbararsa ta farko da madubin ƙara girma, domin lanƙwasar bakinta ta bambanta daga jinsi zuwa jinsi. Sai da yamma muka samu namiji ɗaya. Na auna shi, na ɗauki hoto, muka mayar da su duka ƙarƙashin ganyensu.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne yaran da na gani suna gasa manyan ƙaguwoyi sama-sama suna ci. Waɗannan na iya ɗauke da Paragonimus, tsutsar da ke shiga huhu ta sa tari da jini har a zaci tarin fuka ne. Na roƙi Baba ya riƙa sa iyaye su dafa ta sosai, ya ce zai faɗa a masallaci.

Na so in hau Dutsen Manengouba, inda Louisea balssi, 'yar'uwar ƙaguwar da na je nema, take, ruwan sama ya hana. Na koma Edea, na tsaya a gadar kogin Sanaga ina kallon masu sayar da manyan jatan lande masu dogayen hannuwa, 'yan dangin Macrobrachium. Washegari da asuba na kama hanyar Duwala.