Asabar a bayan Daura da sanduna uku

Da aka sallame sallar asuba ban koma ɗaki ba. Tun daren jiya Kawu ya aiko cewa in rana ta fito ban iso ba, tafiyarsa zai yi. Na rataya bindigata ta iska, ƙanena ya rungumo sanduna, muka hau babur muka bi hanyar Zango. Hazo ya yi kauri har fitila ba ta wani aiki, sanyi kuwa sai da yatsuna suka ƙage a kan kan babur.

Sandunan nan gora ce guda uku, kowace ta kai min wuya. Na haɗe su da robar tayar babur, kamar taƙi ɗaya ƙasa da kawunansu. In aka ware ƙafafun sai saman ya buɗe ya zama gwafa, a nan bindiga ke kwanciya. A bidiyon mafarautan Afirka ta Kudu da Namibiya na fara ganinsu: mai yi wa baƙo jagora yana tafe da su a hannu, da an hango dabba sai ya kafa, maharbi ya ɗora ya yi saiti.

Kawu na ganinmu ya tsaya da ɗaura warkinsa. Ya ce, "Kai ɗan nan, farauta ka zo ko ɗaukar hoto?" Na ce, "Kawu, a bari dai a gani." Ya ce shi tun yana saurayi kafaɗarsa ce gwafarsa, kuma bai taɓa dawowa gida da jaka wayam ba. Ban ja ba. Mutumin da ya yi farauta a dajin Rugu lokacin da ana kwana a cikinsa ba fargaba, ba ni zan koya masa daji ba. Yanzu Rugu ta gagari kowa saboda 'yan bindiga, shi ya sa aka koma gewayen gonaki da 'yan kurmin sabara da geza na nan kusa. Shi ya sa kuma takardar lasisina ba ta barin aljihuna. Dokar makamai ta 1959 ta sa har bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisi, adaka irin ta Kawu kuma sai da izinin kwamishinan 'yan sanda na jiha. A halin da ake ciki, mutum ya haɗu da jami'an tsaro da bindiga ba takarda, bayani zai yi masa tsawo.

Kafin mu shiga, na kafa kwali a jikin wata tsohuwar suri, na auna mita 30. Na fara harbi a tsaye, hannu kawai. Da sanyin nan da kuma tafiyar da muka yi cikin rairayi, alamar saiti sai yawo take a kan kwalin, tana hawa tana sauka tare da numfashina. Hujojin suka watsu fiye da tafin hannu. Da na ɗora a kan sanduna sai suka taru wuri guda, kwalbar lemo ma in aka kifa gindinta za ta rufe su. Lissafin ba shi da wuya. In tsawon bututun bindiga santimita 60 ne, bakinta ya goce da milimita 1 kacal, to a mita 30 harsashi ya kauce da santimita 5. Kan fakara bai kai haka faɗi ba. Ita kuwa milimita 1, bugun zuciya ma ya isa ya kawo ta.

Dalilin ƙafa uku shi ne dalilin duwatsun murhu: ko ƙasa ba ta daidaita ba, tukunya za ta zauna. Sanda ɗaya tana hana bindiga sauka ƙasa amma ba ta hana ta lilo hagu da dama. Biyu suna tare gefe, su bar gaba da baya. Uku ne ke tsayawa da kansu, har mutum ya saki ya gyara tsayuwa.

Amma akwai 'yan abubuwan da sai a fili ake gane su. Ƙasarmu ta Daura rairayi ce, ƙafafun suna nitsewa a hankali, don haka sai an danna su tukuna sun kama kafin a ɗora bindiga. Ni ƙafa ɗaya nake turawa gaba wajen abin harbi, biyu su dawo gefena in tsaya a tsakaninsu, don kada gwiwata ta taɓa ɗaya. Tsayin gwafar ya tsaya daidai ƙirji. In ta yi sama mutum ya yi ɗage, in ta yi ƙasa ya duƙa, duk biyun rawa suke kawowa. Ana rage tsayi ne da ƙara ware ƙafafu. Sannan katakon da ke ƙarƙashin bututu ake ɗorawa, ba bututun kansa ba, don ƙarfen yana girgiza lokacin da harsashi ke fita, in ya taɓa abu mai tauri sai saitin ya canja. Tawa ma ta fi fitina, mai sifirin ce, tana zabura kafin harsashi ya bar ta. Sai na naɗa tsohon rawani a cikin gwafar, na kwantar da ita a kai ba tare da na matse ba. Sauran aikin na maharbi ne: a fitar da numfashi, a ɗan dakata, a ja kunama sannu, kada a ɗaga kai sai harsashi ya isa.

Hantsi ya fara ɗagawa muka ji kukan fakara a wata gonar gero da aka girbe. Ƙanena ya kafa sanduna a bayan wani kalgo, muka yi shiru. Can sai ga su suna tsince-tsince tsakanin kututturan kara. Na ɗora, na jira ɗaya ta miƙe wuya, na yi bisimilla na ja. Nan ta faɗi, ƙanena ya ruga ya yanka. Wannan shi ne abin da ya sa na damu da sandunan tun farko. Harsashina ƙwaya ɗaya ne, milimita 5.5, ba shi da ƙarfin da zai yafe kuskure. In ya sami fiffike ko cinya, tsuntsuwa ta shige ƙaya, ta je ta mutu can, ta zama mushe, ba kai ba ita. Na sha ganin haka a wurin samarin da ke harbi don a ce sun iya.

Daga baya wani zomo ya tashi daf da ƙafar Kawu. Kafin ƙanena ya ware ƙafa ɗaya, adaka ta riga ta yi tsawa, hayaƙin albarushi ya turnuƙe. Kawu ya ɗago zomon ta kunne ya juyo yana kallona, bai ce komai ba. Gaskiyarsa ce. Abin da ya tashi a guje ko a sama ba ya jiran a kafa masa gora, kuma adaka watsa dalma take, ba ta neman saitin allura. Sanduna na mai kwanto ne da mai sanɗa. Suna da ƙara kuma in suka bugi juna, wanda ya sa wasu zabin daji suka tsere mana tun ba mu kai kusa ba.

Akwai wata da na bari. Hasbiya ce a kan reshen aduwa, saiti ya zauna cif. Da yake bindigar na kwance a gwafa, na sami damar ɗaga ido in duba bayan bishiyar, sai ga wani yaron Fulani da tumakinsa suna ɓullowa cikin hazon. Na sauke. Kawu ya gyaɗa kai. Da muka zauna cin ƙuli-ƙuli a gindin gawo sai ya ce ai su ma a da, masu dakon gada a bakin ruwa da dare, sukan kafa gwafa ɗaya su ɗora bakin bindiga, don hannu ba ya jure jira. Na ce, "To Kawu, ashe ba baƙon abu ba ne." Ya ce, "Ɗaya na ce, ban ce uku ba."

Mun iso gida bayan azahar. Fakara ta shiga tukunyar farfesu, zomo Kawu ya tafi da abinsa. Da yamma ƙanena ya kawo waya yana nuna min irin na kamfani, su BOG da Primos. Wasu na alminiyom ne, wasu suna da maƙalli da ke damƙe bindiga ta tsaya ko an sake ta, akwai kuma wanda ake matsa wani ɗan hannu ƙafafun su zame su daidaita da kansu. Sun yi kyau, ba musu. Amma kuɗinsu da dala ne, kuma an yi su ne don masu harbin barewa daga mita ɗaruruwa, ni kuwa iyakata 30 zuwa 40. Bindiga mai sifirin ma ba ta son a damƙe ta.

Gobe Lahadi kasuwar Mai'aduwa ke ci. Zan nemo sabuwar roba, wannan ta fara tsagewa, in naɗa wata a tsakiyar kowace gora don ta kashe ƙarar. Zan kuma yanke wasu gajeru na harbi a zaune, tunda yanzu an kwashe kara fili ya buɗe.