Yadda nake sauraron 'yan kallon resilin don gane wanda ya cancanci kambu

Duk wasan WWE, babban kamfanin resilin na Amurka, da zan yi sharhi a kansa, sau biyu nake kallonsa. Na farko kai tsaye, wanda a wajenmu sai ƙarfe ɗaya ko biyu na dare yake farawa. Na biyu da rana, da abin sauraro a kunne da biro a hannu, kuma a wannan karon jama'ar da ke zaune a zauren nake bi. A resilin an riga an yanke wanda zai ci tun kafin a buga ƙararrawa. Masu tsara labari ne ke faɗin wanda zai ɗauki kambu da ranar da zai sauke shi. Bakin mutanen da suka sayi tikiti ne kawai ba ya hannunsu, shi ya sa can nake kai kunnena.

Wurare uku nake sa wa alama. Daƙiƙa biyar na farko bayan kiɗan ɗan wasa ya tashi, kafin ma a ga fuskarsa, domin wannan ihun ba a shirya shi. Sai lokacin da ya riƙe makirfo: ana yin tsit a ji shi, ko ana katse shi? Na uku, kuma shi ne mafi faɗin gaskiya, ƙirgen alƙalin wasa a ƙarshen faɗa. Idan an danne zakara alƙali ya buga ɗaya, biyu, jama'a suna ƙirgawa tare da shi, sannan zauren ya ɗauki wata irin ajiyar zuciya da ya ɗaga kafaɗa, to sun yarda kambun zai iya sauya hannu. Idan ba wanda ya ƙirga, faɗan bai kama su ba komai yawan tsalle-tsallen da aka yi.

Dare ɗaya ba ya isa a yanke hukunci. Sai na ji abu ɗaya a garuruwa huɗu ko biyar a jere nake ɗaukarsa da gaske. CM Punk a Chicago ko Sami Zayn a Montreal gida suke, dole a yi musu shewa. 'Yan kallon daren Litinin da ke bin WrestleMania, babban wasan WWE na shekara, da yawansu baƙi ne daga Ingila da Jamus da wasu ƙasashe, masu son jin muryar kansu. Sautin talabijin ma ana iya taɓa shi, don haka nakan nemi bidiyon da mutane suka ɗauka da waya daga kujerunsu in gwada.

Babban abin da na koya shi ne ature iri biyu ne, kuma yawancin ɓarnar masu tsara labari daga haɗa su take tasowa. Akwai aturen da ake yi wa bos. Wannan shi ake nema, shi ke sayar da tikiti, kuma alamarsa ita ce da zarar jarumi ya kai masa naushi sai aturen ya koma shewa. Akwai kuma aturen da ake yi wa ofis, wato mutanen da suka rubuta labarin. Shi wannan ba ya tsayawa, za ka ji ana kiran sunan wanda ba ya cikin fagen, ana tafa wa bos don a ƙuntata wa jarumin da aka ƙaƙaba musu.

Royal Rumble na 2014 a Pittsburgh ya nuna wannan ƙarara. Faɗa ne da mutum talatin ke shiga ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ci ya samu damar neman kambu a WrestleMania. Jama'a Daniel Bryan suke jira. Da mutum na talatin ya fito suka ga Rey Mysterio ne, sai suka yi masa ature, shi da ba a saba ƙin sa ba. Batista ya ci, aka bi shi da ihu. Ba Rey ba ne ya yi laifi, lambar da ya fito a kanta ce ta tabbatar musu ba a sa Bryan a faɗan ba. Wannan ƙorafin tun 2012 yake taruwa, lokacin da Sheamus ya kayar da Bryan cikin daƙiƙa 18 a WrestleMania. Abin da kamfanin ya yi daidai shi ne ya ɗauki ƙorafin ya saka shi cikin labarin: Triple H, ɗan wasa kuma jigo a kamfanin, ya zama fuskar ofis mai cewa Bryan bai kai ba, magoya baya suka cika fagen a wani shirin Raw na daren Litinin, aka ba shi faɗa biyu a dare ɗaya a New Orleans ranar 6 ga Afrilu 2014. Ya doke Triple H a farko, ya doke Batista da Randy Orton a ƙarshe, ya ɗauki kambun.

Shekara ɗaya bayan haka aka maimaita kuskuren a Royal Rumble na Philadelphia. An fitar da Bryan da wuri, Roman Reigns ya ci, har The Rock, babban tauraron da jama'a ke so, ya fito ya ɗaga masa hannu, aturen bai ragu ba. Daga nan aka shafe shekaru ana tura Reigns a matsayin jarumi. A 2017, washegarin ranar da ya doke Undertaker a Orlando, ya tsaya a fage mintuna masu yawa jama'a sun hana shi buɗe baki. A ganina matsalar ba iya faɗansa ba ce. An ba shi kalaman da ba su dace da bakinsa ba, kuma kowa ya ga ƙarshen labarin tun daga farkonsa, ba wanda ya ji cewa shi ya zaɓe shi. Da ya dawo a Agusta 2020 a matsayin bos, Paul Heyman na gefensa a matsayin mai ba shi shawara, yana tilasta wa 'yan uwansa Jey da Jimmy Uso su yi masa mubaya'a, sai aturen ya koma irin na farko. Mutum ɗaya ne, fuska ɗaya, amma ya riƙe kambun kwana 1,316 jama'a na biya don su ga ranar da zai faɗi.

Shiru ya fi duka biyun muni, kuma shi aka fi kasa ji. Jinder Mahal ya karɓe kambu daga Orton a Mayu 2017 bayan ya daɗe yana shan kashi a hannun kowa. Ba a gina shi ba, kuma kusan duk nasararsa sai yaransa Singh Brothers sun shigo. A faɗansa ba a ƙirgawa tare da alƙali. Da AJ Styles ya karɓe kambun a Manchester a Nuwamba, ihun da aka yi na samun sauƙi ne.

Sai dai ban yarda cewa duk abin da zaure ya nema a take sai an ba shi ba. A farkon 2023 ba wanda ake so kamar Sami Zayn, wanda a labarin yake cikin mutanen Reigns. Da ya maka wa Reigns kujera a San Antonio, zauren kamar zai tsage. Aka kai faɗan Montreal a Fabrairu, ya sha kashi a gaban matarsa da mutanen garinsu. Mutane da yawa sun fusata, amma na lura da abu ɗaya: a makonnin da suka biyo baya ba a yi wa Cody Rhodes ature ba, alhali shi aka ware ya kara da Reigns a WrestleMania. An haɗa Cody da Sami a fage tun kafin faɗan, Cody ya ƙarfafa masa gwiwa, kuma an ba Sami nasa sakamakon, shi da Kevin Owens suka karɓe kambun 'yan biyu daga Usos a babban faɗan daren farko. Jama'a na iya haƙuri da jinkiri muddin sun ga an ji su.

Abin da ba sa haƙuri da shi shi ne a karya alkawarin da labarin ya ɗauka da kansa. Cody ya faɗi a hannun Reigns a 2023, ya sake cin Royal Rumble a 2024, sannan a shirin SmackDown na 2 ga Fabrairu aka sa ya bar wa The Rock gurbinsa na faɗa da Reigns. Nan take intanet ta ɗauka, zauruka suka fara yi wa The Rock ature. Cikin mako ɗaya aka juya: a taron Las Vegas Cody ya ce Reigns ya zaɓa, The Rock ya mare shi ya koma bos. Saurin gyaran shi ya cece su. Ranar 7 ga Afrilu, a Philadelphia, Cody ya ɗauki kambun.

Akwai ɓangaren da har yanzu ake sakaci da shi, wato yadda ake sauke zakaran da jama'a suka ɗora. Kofi Kingston, haifaffen Kumasi, ya shiga layin kambu a Fabrairu 2019 ne kawai saboda Mustafa Ali ya ji rauni. Ya yi kusan awa guda yana faɗa da mutane ɗaya bayan ɗaya, zauruka suka kama sunansa, masu tsarawa suka bi su, suka jera masa shinge, har sai da Big E da Xavier Woods suka yi nasu faɗan don sama masa dama. Ya doke Bryan, wanda ke riƙe da kambun a lokacin, a WrestleMania bayan shekara 11 a kamfanin. Wannan aiki ne mai kyau. Ranar 4 ga Oktoba kuwa Brock Lesnar ya ɗaga shi sau ɗaya ya buga da ƙasa, ƙasa da daƙiƙa goma komai ya ƙare, kyamara ta koma kan Cain Velasquez, tsohon abokin karawar Lesnar, da ya fito. Faɗuwar ba ita ce ta yi wa mutane ciwo ba, kowa ya san Lesnar zai iya cinsa. Da an ba shi minti goma da ƙirge biyu masu tsayar da numfashi, da ya fita da darajarsa. Ba a ba shi damar ramawa a kan Lesnar ba, ba a ma bar shi ya nuna fushi a makonnin da suka biyo ba, sai aka mayar da shi faɗan 'yan biyu kamar watanni shidan nan ba su faru ba.