Mai riƙe da tazara: abin da faɗan EVE Online ya koya min a Legas

Yawancin waɗanda suka fara faɗa da 'yan'uwansu 'yan wasa a EVE Online, wasan jiragen sararin samaniya da ake yi ta intanet, suna shigowa ne da zaton cewa mai manyan bindigogi shi ke da nasara. Ba laifinsu ba ne. Makonnin farko mutum yana harbin jiragen da kwamfuta ke tuƙawa ne, su kuwa waɗannan ba su san gudu ba, ba su san yaudara ba, suna zuwa ne kai tsaye su mutu. Ranar da mutum ya haɗu da ɗan Adam irinsa, sai ya ga wani ɗan ƙaramin jirgi da bai kai rabin kuɗin nasa ba yana zagaya shi daga nesa yana yaga shi a hankali, shi kuwa ko harsashi ɗaya nasa bai isa ba.

Aikina gyaran laftof ne a Computer Village da ke Ikeja, kwanana kuma a Agege. Akwai mu 'yan ƙalilan Hausawa da muke wannan wasa a garin nan, kuma wanda ya koya min faɗa wani dattijo ne mai sana'ar canji, wanda ya riga mu shiga da shekaru, muna kiransa Alhaji. Karatu na ɗauki abin, don wasan ba ya yafiya. Kamfanin CCP na birnin Reykjavik a Aisilan ya fito da shi a 2003, kuma tun daga lokacin dokarsa ɗaya ce: jirgin da aka fasa maka ya tafi ke nan, da duk kayan da ka ɗora masa. Babu maɓallin sake gwadawa. Sai dai ka koma kasuwa ka zaro ISK, kuɗin wasan, ka sayi wani.

Daren farko da Alhaji ya fita da ni, bai bar ni na harba komai ba. Cewa ya yi, "Yaro, kafin ka taɓa bindiga, faɗa min a kilomita nawa kake son a yi faɗan nan." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai duk inda aka haɗu." Ya ce to mu koma tasha.

Ga abin da yake nufi. Kowane makami yana da zangon da yake cizo sosai, sannan da wani ƙarin zango da cizon ke raguwa. Idan ka kai ƙarshen wannan ƙarin zangon, kusan rabin harbinka ne kawai zai samu. Bilasta ta 'yan Gallente, ɗaya daga ƙabilu huɗu na wasan, irin wadda ake ɗora wa ƙananan jiragen Incursus ko Atron, ta fi kowace ɓarna, amma sai ka manne da abokin gaba kamar za ku sha hannu. Lesar 'yan Amarr tana kaiwa nesa kaɗan. Bindigogin Minmatar na kan jirgin Rifter suna da dogon ƙarin zango, ba su damu da a ɗan ja baya ba. Ƙananan makamai masu linzami na Caldari kuwa daga can nesa suke aiki. Saboda haka idan jirgi biyu suka haɗu, kowanne yana da wurin da yake so a tsaya, kuma da wuya wuraren nan su zama ɗaya. Wanda ya iya tilasta wa ɗan'uwansa tsayawa a inda shi yake so, ya ci faɗan tun kafin garkuwar kowa ta ragu. Kamar dambe ne: mai dogon hannu yana tokare ka da hannun garkuwa don kada ka shigo, kai kuma duk dabararka ita ce ka kutsa ciki inda mashinka zai isa.

Kayan da ke yanke wannan hukunci ba bindigogi ba ne, ƙananan na'urori ne guda uku ko huɗu da ke tsakiyar jirgi, waɗanda sabon shiga ke ganin ɓata gurbi ne.

Ta farko ƙugiya ce mai hana abokin gaba tserewa da gudun waf, wato tsallen da jirgi ke yi ya ɓace zuwa wani wuri mai nisa, kuma iri biyu ce. Doguwar tana kamawa daga kilomita 24 idan mai inganci ce, amma hana tserewa kawai take yi. Gajeruwar, wadda muke kira sikiram, kilomita 9 take kaiwa, sai dai tana da wani mugun aiki: tana kashe babban injin gudu na abokin gaba nan take. Ta biyu raga ce, web, mai kaiwa kilomita 10, tana rage gudun jirgi da kashi 60 cikin 100. Ta uku injin gudun ne da kansa. Babban yana ninka gudunka kusan sau shida, amma yana shan wutar kafasita, wato batirin jirgi, yana kumbura ka a idon bindigogin abokan gaba, kuma sikiram ɗaya ya ishe shi. Ƙaramin, afta-bona, bai kai shi gudu ba ko kusa, amma sikiram ba ya kashe shi.

Duba lambobin nan da kyau za ka ga faɗan ƙananan jirage ya kasu gida uku. Akwai mai mannewa, wanda yake son kilomita 1 ko 2. Akwai mai tsayawa a bakin sikiram, wajen kilomita 7 zuwa 8, inda ya riƙe ka amma bilastarka ba ta isa gare shi. Sannan akwai mai shawagi a wajen kilomita 20, da doguwar ƙugiya da babban inji, wanda ba ya yarda ka matso ko kaɗan. Na tsakiyar nan shi ya fi wahalar da mai mannewa. Mai shawagi yana cin duk wanda ya bi shi a guje. Amma da zarar ya yi sakaci ya faɗo cikin kilomita 10, ya mutu, don jirginsa takarda ne.

A nan ne na fi daɗewa ina koyo, wato yadda ake kamo mai shawagi. Bin sa ba shi da amfani, ya fi ka gudu. Abin da ake yi shi ne ka juya masa baya ka zura da gudu kamar mai tserewa. Yawancinsu sun danna maɓallin zagaye ne sun bar wa kwamfuta tuƙi, saboda haka jirginsa zai biyo ka da cikakken gudu don ya riƙe tazararsa. Sai ka juyo kwatsam ka nufo shi, ka ɗora wa web da sikiram zafi. Ɗora zafi yana ƙara musu zango na ɗan lokaci: web ya kai kilomita 13, sikiram ya kusa 11. Kafin jirginsa ya gama juyawa, ya shigo hannu. Wannan ba ya yiwuwa sai ka koyi fasahar Thermodynamics, kuma sai ka saba tuƙi da hannunka, kana danna sarari sau biyu a inda kake son jirgin ya nufa. Zafin ma da iyaka. Ka bar shi ya wuce kima, na'urar ta ƙone a tsakiyar faɗa, ka zama ba ka da ƙugiya ba ka da raga.

Akwai wani ɓangaren tazara da ba a gani da ido, shi ne saurin gilmawa. Bindiga tana juyawa ne tana bin abin harbi, kuma manyan bindigogi a hankali suke juyawa. Shi ya sa ƙaramin jirgi zai iya shiga ƙarƙashin babban jirgin yaƙi yana zagaya shi kusa-kusa, harbin duk yana wucewa ta bayansa. Amma idan ya tunkaro shi a miƙe, harbi ɗaya ko biyu ya isa. Duk wanda nake koya wa yanzu, abu na farko da nake sa shi ya yi shi ne ya buɗe layin saurin gilmawa a jerin abubuwan da ke gefen allo. Makamai masu linzami ba su da wannan matsala, ba sa kuskure muddin kana cikin zangonsu, sai dai ɓarnarsu na raguwa a kan jirgi ƙarami mai gudu.

Batun irin harsashi gajere ne. Ɓarna iri huɗu ce, garkuwar haske ta fi rauni a gaban ta lantarki, sulke kuma a gaban mai fashewa. Mai Rifter ko mai makami mai linzami zai iya canzawa, mai lesa da mai bilasta ba su da zaɓi sosai.

Tunda tazara ce ke hukunci, to sanin wanda ke tahowa kafin ya iso shi ne rabin aikin. Na'urar leƙe ta jirgi, disikan, tana gani har zangon AU 14.3 (AU ɗaya shi ne nisan da ke tsakanin duniyarmu da rana), kuma ɗan wasan da ya san kansa yana danna ta kamar mai jan carbi. Ka ga Incursus, ka san mai mannewa ne. Ka ga Condor, ka san mai shawagi ne, ka tambayi kanka ko kana da abin kamo shi. Sunan matuƙin yana nan a lokal, wato jerin waɗanda ke yanki ɗaya da kai, ka kwafe shi ka duba zKillboard, shafin da ke tara bayanan jiragen da aka fasa, za ka ga yadda ya saba haɗa jirginsa da kuma ko yana yawo da abokai. Jirgi ɗaya da ke zaune shiru a fili kamar marar wayo, a wuri irin Tama ko Amamake, sau da yawa tarko ne, sauran suna bayan ƙofa, wato mashigar da ake bi daga wani yanki zuwa wani. Ƙin faɗa ba abin kunya ba ne. Alhaji yakan bar faɗa uku ya ɗauki ɗaya, kuma ban taɓa jin wani ya kira shi matsoraci ba.

Dokokin ƙofa ma suna kashe mutane fiye da bindiga. Idan ka tsallaka ƙofa kana da daƙiƙa 60 a ɓoye muddin ba ka motsa ba, lokacin tunani ne, ba na firgita ba. Idan ka harbi wani, daƙiƙa 60 ba za ka iya tsallaka ƙofa ko shiga tasha ba. Jirgi ba ya shiga waf sai ya fuskanci inda za shi ya kai kashi 75 cikin 100 na gudunsa, saboda haka mai hankali yana fuskantar mafita tun faɗan bai ɓaci ba. In ka ga jirgi zai tafi, daina kallon bindiga, zaɓi wata duniya a jerinka ka yi ta danna waf, don kwanson da matuƙi ke ciki ya fice da zarar jirgin ya fashe.

Sai abin da ya shafe mu mu mazauna Legas. Samari da yawa suna cewa ba za su iya faɗa da Turawa ba saboda intanet ɗinmu. A wasannin harbi na ido-da-ido wannan gaskiya ne, a EVE kuwa ba haka ba ne. Sabar wasan, Tranquility, a Landan take, kuma sau ɗaya take lissafi a kowace daƙiƙa. Ɗan jinkirin da ke tsakanin Legas da Landan yawanci yana ɓacewa a cikin wannan daƙiƙar. Abin da ke kashe mu yankewa ce gaba ɗaya. Idan wuta ta ɗauke ko layi ya faɗi bayan ka yi faɗa da ɗan wasa, jirginka yana zama a sarari na minti 15, kuma in an riga an sa maka ƙugiya, ko gudun gaggawa da jirgi ke yi da kansa idan layi ya yanke ba zai yi ba. Shi ya sa nake wasa a laftof mai lafiyayyen batir, da ƙaramar na'urar intanet mai nata batir, waya kuma a gefe da data a ciki. Mai babbar kwamfuta ba tare da inbata ba, ranar da aka ɗauke wuta zai gane kurensa. Lokaci kuwa yana tare da mu. Agogon wasan awa ɗaya yake bayan namu, ana rufe saba na ɗan lokaci da ƙarfe 12 na rana agogon Najeriya, sa'ad da muke kasuwa, kuma cikar 'yan Turai tana faɗowa ne daidai lokacin da mutum ya tsallake go-sulo ya iso gida. Matsalar kawai ita ce Isha'i tana tsakiyar wannan lokaci. Mu dai dokarmu, a shiga tasha kafin a kira sallah, kada a fara abin da ba za a iya bari ba.

Samari suna son labarin manyan yaƙe-yaƙe, irin na B-R5RB a watan Janairun 2014, wanda aka kwashe awa 21 ana yi, aka fasa jiragen Titan 75, mafiya girma a wasan, aka ƙiyasta asarar da ta kai kimanin dala 300,000. Abin da ya jawo shi ma ba jarumtaka ba ce, kuɗin hayar yanki ne ba a biya a kan lokaci ba. Labari ne mai daɗin ji, amma ba a koyon faɗa a cikinsa. A babbar runduna kai dai ka kulle wanda kwamanda ya kira, ka danna, ka yi shiru a manhajar hira ta Discord. Za ka iya shekara a haka ba ka san me ya sa kuke tsaye a inda kuke ba.

Makarantar gaskiya ita ce ƙaramin jirgi mai arha, kai kaɗai ko ku biyu. Tun 2016 ana iya shiga wasan kyauta da asusun Alpha, kuma ya isa a fara. Shawarar da nake ba ƙannena ita ce su je Jita ko Hek, manyan kasuwannin wasan, su sayi jirgi iri ɗaya guda goma, haɗi iri ɗaya, su yi musu inshora, su kai su tashar da ke bakin yankin yaƙin ƙabilu, inda akwai filayen da ƙananan jirage kawai ke iya shiga. Iri ɗaya nake nufi, don wanda ke canza jirgi bayan kowace asara ba zai taɓa sanin ko jirgin ne ko hannunsa ba. Mai son darasi a tsare kuma akwai EVE University, ƙungiyar 'yan wasa ce da ke koyarwa tun 2004.

Bayan kowace asara akwai rasidin kisa, yana nuna jirgin da ya kashe ka da makamin da ya yi amfani da shi. Mukan zauna da shi a shago washegari, in kasuwa ta yi sanyi, a tambayi mai jirgin a kilomita nawa aka fara, a nawa aka ƙare, kuma wa ya zaɓi wurin. Wanda ya ɗauki bidiyon faɗan ya fi samun amsa, don a cikin faɗa hannu na rawa, mutum ba ya tuna ko ya kunna web. Kuma ka yi wa wanda ya kashe ka magana cikin ladabi ka tambaye shi yadda ya yi. Da yawansu suna amsawa, su turo maka haɗin jirginsu, wani lokacin har da kuɗin sayen sabo.