Idan Mota Mai Jan Baya Ta Kufce a Kan Jiƙaƙƙiyar Kwalta

Na daɗe ina tuƙa motoci masu ƙarfin inji masu jan baya, wato waɗanda injinsu ke juya tayoyin baya, amma yawancin abin da na sani game da zamewarsu a ruwa a filin horon direbobi na koye shi. A can ana jiƙa kwalta da gangan, a kashe na'urar hana zamewa, a ce ka taka totur a tsakiyar kwana har bayan motar ya kufce. Zamewar farko, idan hannu ya yi sauri, yawanci ana kamo ta. Wadda na ga tana juya mota ita ce ta biyu, mai zuwa a lokacin da direba ya ɗauka ya riga ya gyara.

Kowace taya tana riƙe kwalta da ɗan wurin da bai wuce tafin hannu ba, kuma wannan riƙon guda ake rabawa tsakanin tura mota gaba da tsare ta a kwana. Abin da totur ya ci, kwana ta rasa. A mota mai jan gaba, idan riƙon ya ƙare hancin ne ke fita waje, kuma sassauta ƙafa yakan dawo da shi. A mai jan baya kuwa, tayoyin da ke tura motar su ne ke hana bayanta zagayowa gaba, saboda haka da zarar sun fara juyawa a banza babu sauran abin da ke tsare gindin motar.

Lissafin ba shi da wuya. A ce injin yana ba da ƙarfin murɗawa Nm 500 (Nm ma'aunin wannan ƙarfin ne), giya ta biyu ta ninka shi sau uku, aksul ɗin baya ya sake ninkawa sau uku. Nm 4,500 ke nan a tayoyi. Raba shi da mita 0.33, wato daga tsakiyar taya zuwa ƙasa, sai ka samu turi na kusan kilo 1,400. To a ce nauyin da ke kan tayoyin baya kilo 900 ne, kuma jiƙaƙƙiyar kwalta tana ba su damar riƙe kashi 60 cikin ɗari na nauyin, kilo 540 ke nan. Injin yana iya ba da fiye da ninki biyu na abin da kwaltar za ta ɗauka. Ko a miƙaƙƙiyar hanya rabin totur ya isa ya kufce da tayoyin, balle a kwana.

Injunan turbo na yanzu sun ƙara wa abin zafi, domin da yawansu cikakken ƙarfinsu yana zuwa tun juyi 1,500 zuwa 2,000 a minti, lokacin da ƙarar injin ba ta ma tashi ba. A otomatik, ka ɗan ƙara danna totur wajen fita daga shataletale, giya ta faɗo matakai biyu a take, ƙarfin ya zo wa tayoyin gaba ɗaya. Idan kuma aksul ɗin irin mai ɗaure tayoyin biyu ne su ja tare, wanda ake sa wa motocin gudu, to tare za su kufce. Aksul na gama-gari yakan bar tayar ciki ta yi ta juyi ita kaɗai, ta waje na riƙe da motar, shi ya sa ya fi yafiya a ruwa.

Jiki yana jin zamewa kafin ido ya gan ta. Da farko kujera ce ke ɗan jan ƙugunka gefe. Sai ƙarar injin ta tashi alhali gudun bai ƙaru ba, sannan abin da ke gaban gilashi ya fara tafiya a kaikaice. Duk wannan bai kai daƙiƙa ɗaya ba, kuma a gudun kilomita 60 a awa mota tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Wanda ya jira sai idonsa ya tabbatar masa, ya makara.

Gyaran yana farawa da ido. Ka kalli inda kake so motar ta je, ba falwaya ko ramin da kake gudu ba, domin hannu yana bin ido ko ka so ko ka ƙi. Hannaye su kasance a ƙarfe tara da ƙarfe uku na sitiyari, kamar a fuskar agogo. Idan kwanar ta dama ce kuma bayan ya fita hagu, sai ka murɗa hagu da sauri, daidai gwargwadon zamewar, yadda tayoyin gaba za su ci gaba da kallon hanyar. Sitiyarin da kansa yana son komawa can, saboda yadda aka kafa ƙafafun gaba, kuma idan ba ka ƙanƙame shi ba za ka ji yana taya ka.

Ƙafar dama ta fi hannu wuyar horarwa. Tsoro yana cewa ka ɗauke ta gaba ɗaya, ko ka kai wa birki. Ɗauke ƙafa farat ɗaya yana jefa nauyin mota gaba, tayoyin baya su ƙara sauƙi, ga injin kuma yana riƙe su ta baya, sai zamewar ta ƙaru ko kuma su cafke kwalta a take su wurga motar. Abin da ke aiki shi ne ka rage totur a hankali zuwa inda injin ba ya turawa kuma ba ya riƙewa. A manuwal, taka kuloci yana yin wannan aikin nan take, domin yana raba injin da tayoyin su koma birgima kawai.

Daga nan ne ake samun wani ɗan tsayawa. Bayan motar ya kai ƙarshen fitarsa, ya tsaya na ɗan ƙiftawar ido, kamar lilo a ƙarshen tafiyarsa kafin ya juyo. A wannan lokacin duk nauyin motar yana kan sifirin ɗin gefe ɗaya, sun matsu, suna jiran su saki. Idan tayoyin baya suka sake kama ƙasa alhali sitiyarinka yana nan a murɗe hagu, motar za ta bi sitiyarin, sifirin su ƙara mata turi, ta watsa baya zuwa ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko. Wanda ya bi ta da wani gyaran a makare sai ta sake dawowa, kowane zuwa ya fi na baya faɗi, har ta juya. Saboda haka da ka ji fitar ta tsaya, ka fara mayar da sitiyari tsakiya, da sauri irin wanda ka murɗa shi, tun kafin motar ta miƙe. Wannan mayarwar ce na ga ta fi ba mutane wuya a fili, har da waɗanda suka daɗe da tuƙi, domin hankali yana cewa a jira a ga ta miƙe tukuna.

Tayoyin gaban yawancin motoci ba sa karkata fiye da digiri 35 zuwa 40. Idan motar ta karkace ta wuce nan, aikin gama ya gama, kada ka tsaya kokawa da sitiyari. Ka danne birki har ƙasa, da kuloci idan akwai, ka riƙe su har sai ta tsaya cak. Sakin birki a tsakiyar juyi yana ba tayoyin damar sake kama ƙasa su harba motar duk inda hancinta ya kalla a lokacin.

A kan titi ba na kashe na'urar hana zamewa. Kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz ne suka fito da ita a 1995 da sunan ESP. BMW na kiran tasu DSC, Toyota VSC, Porsche PSM. Ta zama dole ga sababbin motoci a Amurka daga ƙirar 2012, a Tarayyar Turai kuma daga Nuwamban 2014. Tana kwatanta inda sitiyari ya nufa da yadda motar take juyawa a zahiri, kuma idan baya ya fara fita sai ta rage ƙarfin inji ta kama birkin tayar gaba ta waje ita kaɗai, abin da babu direban da zai iya yi da feda ɗaya. Fitilarta mai ƙyaftawa a dasbod tana gaya maka ka riga ka wuce abin da kwaltar ke bayarwa. Idan ta kunnu ta tsaya, na'urar a kashe take ko ta lalace. A kula da maɓallin tuƙin wasanni (Sport) ma, domin a motoci da yawa yana sassauta mata ta bar baya ya fita sosai kafin ta sa baki.

Hawa kan ruwa, wato taya ta ɗagu daga kwalta ta hau kan ruwan da ya kwanta, wata matsala ce daban, kuma na'urar ba ta da abin yi a kai, tunda tayar ba ta taɓa kwalta. Walter Horne na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya fitar da lissafin gudun da hakan ke farawa a 1963 daga gwajin tayoyin jirgin sama. Idan aka ɗora shi a kan taya mai iska psi 32 a ruwan da ya fi zanenta zurfi, yana ba da kusan kilomita 94 a awa. Iskar ta sauka zuwa 24, ya koma kusan 82. Taya mai faɗi da zanenta ya cinye tana iya fara rasa ƙasa tun ƙasa da haka. Alamarsa sitiyari ya yi sakayau. Ka riƙe shi a miƙe, ka sassauta totur a hankali, ka jira tayoyin su sauka. Kada a bar na'urar da ke riƙe gudu ba tare da taka totur ba a kunne cikin ruwa.

Sabuwar taya tana zuwa da zane mai zurfin kusan milimita 8. Doka a Turai ta tsaya a 1.6, daidai da ƴan tudun da ke cikin ramukan zanen, amma ni a mota mai ƙarfi ba na barin na baya su sauka ƙasa da 3. Su ne ke fara cinyewa, kuma sau da yawa daga gefen ciki, saboda ƙafafun baya suna ɗan karkata ciki ta sama. Ka tsaya a gefe ka ga taya lafiya lau, sai ka durƙusa ka leƙa ta ƙarƙashi ka tarar ciki ya zama sumul. Lambobi huɗu na ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a gefen taya suna nuna mako da shekarar ƙira, 2321 na nufin mako na 23 na 2021, kuma roba idan ta tsufa tana taurara ta rasa riƙo a ruwa ko da zanen yana nan. Idan biyu kawai za a saya, a sa su a baya, iri ɗaya hagu da dama.

Kwalta ta fi santsi a farkon ruwa bayan an daɗe ba a yi ba, lokacin da mai da ƙura suka taso ba a wanke su ba tukuna. Fentin layi, murfin ƙarfe na magudana da mahaɗar gada duk sun fi kwaltar da ke kewaye da su santsi, shi ya sa nake tsallake su da sitiyari a miƙe, ƙafa ba ta ƙara komai. Wajen fita daga kwana ina hawa giya ɗaya sama da yadda zan yi a busasshiyar hanya, kuma ba na ƙara totur sai sitiyarin ya fara dawowa tsakiya.

Idan motar ta juya har taya ta bugi dakalin gefen titi, ko da ba ka ga komai ba, a ɗaga ta a duba rim, gefen tayar ko ya kumbura, da hannayen da ke riƙe ƙafar baya, sannan a auna saitin ƙafafu huɗun. Ƙafar baya da ta goce da ƴan milimita ba ta nuna kanta sosai a busasshiyar hanya, amma a ruwa za ka ji motar tana neman fita gefe ɗaya duk lokacin da ka taka totur.