Hanyar ƙauyenmu

Jiya na je ƙauyenmu gaida Inna, can hayin kogin Haɗeja. Da damina mota ba ta barin kwalta, sai ɗan acaɓa, shi ma a bakin ruwa ya ajiye ni. Na naɗe ƙafar wando, takalmi a hannu, na shiga kwalekwale tare da buhunan taki da wata akuya mai shegen kuka.

Gari cike da yara, samari kuwa rabinsu suna Kano neman kuɗi. Na tambayi Maigari mu nawa ne yanzu, ya yi dariya ya ce, "Ɗana, rabon da a ƙirga mu tun 2006." Wallahi jariran shekarar nan wasunsu har sun yi aure.

Mai naƙuda kuwa har yau a amalanken shanu ake kai ta bakin ruwa.